Kafin a taɓa kafireta

Idan injin tsohuwar mota ya fara rawa yana cijewa, ko ya ƙi tsayawa a silo (wato yana aiki ba a taka totur ba), abin da mai mota ya fi saurin kai wa hannu shi ne sukurorin kafireta, na'urar da ke gauraya mai da iska. Ina ganin wannan gaggawar ce take ƙara dagula lamarin, domin sau da yawa kafiretar ba ta da laifi, matsalar tana wajen wuta.

Ni dai fulogi nake fara kwancewa, domin launinsa yana faɗin abin da ke faruwa a cikin silinda. Baƙin toka busasshe alama ce ta mai ya yi yawa, fari fat kuwa iska ce ta rinjayi mai, lafiyayye kuma yakan fito ruwan ƙasa-ƙasa. Daga nan sai murfin distributa (mai rarraba wuta ga fulogi), wanda tsaguwa siririya kamar gashi ta isa ta sa wuta ta riƙa tsallakawa inda ba a aike ta ba, musamman da sanyin safiya. A Volkswagen Beetle, ratar kwantak (ƙarafa biyu da ke haɗa wuta da yanke ta a cikin distributa) milimita 0.4 ce, ta bawul kuma 0.15 idan injin ya huce, kuma duk lokacin da aka gyara ratar kwantak dole a sake duba taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, saboda ɗaya yana motsa ɗaya.

Inda na fi son a daɗe shi ne iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi, kuma kafireta tana auna iskar da ta ratsa ta cikinta ne kawai. Tiyon da ya bushe ya tsage, ko gasket ɗin gindin kafireta da ya saki, zai shigar da iskar da ba a yi lissafi da ita ba, sai injin ya yi ta rawa a silo amma ya daidaita idan an taka totur. A fesa ɗan maganin wanke kafireta a kan mahaɗun yayin da injin ke aiki, a nesanta shi da salansa mai zafi; inda sautin injin ya sauya, nan ne ɓarakar take.

Sai bayan an gama da waɗannan ne ya dace a buɗe kafiretar. Fetur da ya kwana watanni a mota yakan bar danƙo ya toshe jet ɗin silo, wato ƴar mafitar mai, wanda raminsa bai kai milimita ɗaya ba. A wanke shi, a hura masa iska, amma kada a zura waya a ciki, domin za ta faɗaɗa ramin. A girgiza fulot, abin da ke yawo a kan man cikin kafireta, kusa da kunne, in an ji motsin mai a cikinsa to ya huje. Sukuron daidaita mai kuwa ba a murɗa shi sai injin ya yi zafi kuma cok, murfin da ke rage iska lokacin tayar da injin, ya buɗe gaba ɗaya, a riƙa juya shi kaɗan-kaɗan ana sauraron injin.