641, da yarinyar da na ce wa ta zauna

Yau na miƙa makullin ɗakin malamai bayan shekara tara ina koyar da lissafi. Cikin duk abin da ya faru, lamba ɗaya ce ta biyo ni gida: 4,294,967,297.

Ina shirya 'yan aji biyar ne don gasa. Na rubuta musu 3, 5, 17, 257, 65,537 a allo. Kowace ana samunta ne idan aka jera 2 guda ɗaya, ko biyu, ko huɗu, ko takwas, ko sha shida, aka ninka su, aka ƙara 1. Duka biyar ɗin firaim ne, ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Na jera 2 guda 32, na ninka su, na ƙara 1, na samu 4,294,967,297, na ce ita ma haka take. Ban bincika ba, na ga biyar sun yi ne kawai.

Washegari wata yarinya daga layin baya ta ɗaga hannu. "Malam, 641 tana raba ta." Takardar hannunta har rawa take. Na ce ta zauna, na ce yaushe ta isa ta gyara lamba mai adadi goma. Aji ya fashe da dariya, ta sunkuyar da kai.

Da daddare na kasa barci, na kunna cocila na ɗauki biro: 6,700,417 sau 600, sau 40, sau 1. Na tara, lambar ta fito daidai, ko ɗaya babu ragi. Daga baya na karanta cewa Pierre de Fermat na Faransa ya yi irin wannan zaton tun 1640, sai a 1732 Leonhard Euler ya gano 641 ɗin. Har yau ba a samu firaim ta shida a wannan jerin ba. Amma Fermat zato ya yi, bai kunyata kowa ba.

Na gaya wa shugaban sashenmu zan gyara a gaban aji. Ya ce, "Malam, kada ka soma. In ka ba yarinya haƙuri yau, gobe ba mai jin maganarka." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na bi shi, kuma wannan ya fi kuskuren allon ci mini rai. Sati uku na yi shiru. Ranar da na rubuta ninkin a allo na kira sunanta, ta riga ta daina ɗaga hannu. Shi kuwa bai sake ba ni 'yan gasa ba.

Tun daga nan, duk ɗalibin da ya ce na yi kuskure, alli nake miƙa masa. Misali biyar ba hujja ba ce, na koyar da haka kowace shekara.

Yarinyar ta gama, ta tafi. Takardarta tana cikin jakata, an naɗe ta huɗu, da 641 an ja mata layi biyu.