Wasiƙa daga Ingila kan haɗa maganin ciwon jiki da na damuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto muku daga Birmingham, inda nake aikin harhaɗa magunguna, kan tambayar da ake yawan yi mini: wanda likita ya ɗora a kan maganin ciwon damuwa irin su fluoxetine, sertraline ko amitriptyline, wane maganin ciwon jiki zai iya sha?

Paracetamol ba ya karo da waɗannan magunguna, muddin babba bai wuce ƙwaya 2 masu miligiram 500 a lokaci guda ba, kuma bai sha fiye da sau 4 cikin awa 24 ba.

Ibuprofen da diclofenac da aspirin kuwa suna buƙatar hattara. Su da kansu suna cin bangon ciki, sannan fluoxetine da sertraline suna rage saurin daskarewar jini, don haka idan aka haɗa su haɗarin zubar jini a ciki yana ƙaruwa, musamman ga dattawa da masu gyambon ciki. A nan, idan haɗin ya zama dole, likita kan ƙara omeprazole don kare ciki. Wanda ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ya tafi asibiti nan take.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne tramadol. Tun 2014 Birtaniya ta sa shi cikin magungunan da doka ta tsaurara bayar da su, alhali a gida samunsa ba wuya. Yana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, aikin da maganin damuwa ke yi tuni, kuma idan sinadarin ya yi yawa, cikin 'yan awoyi mutum kan fara zufa da karkarwa da zafin jiki da bugun zuciya da ruɗewa, wani ma har da farfaɗiya. Abin tsoron shi ne 'yan gida za su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, su tsaya neman maganinsa, alhali abin yana iya kisa. Tsallake maganin damuwa na yini ɗaya don a sha tramadol ba dabara ba ce, domin fluoxetine kan ɗauki kusan mako 5 kafin ya bar jiki, kuma daina maganin farat ɗaya kan dawo da ciwon.

Na san kunya ce ke sa mutane da yawa ɓoye cewa suna shan maganin damuwa, gudun kada a ce sun samu taɓin hankali. Sai mutum ya je kemis ya ce jikinsa na ciwo, a ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda ba suna, bai san me ke ciki ba, mai kemis ma bai san me yake sha ba. Ina roƙonku ku riƙa tafiya da kwalin maganinku ku nuna, ku kuma ƙi karɓar duk ƙwayar da aka cire daga fakitinta.

Wassalam, ɗan'uwanku a Birmingham.