Wasiƙa daga Istanbul: kafin a taɓa gemunku don rufe sanƙo

Zuwa ga iyayena da yayyena da ƙannena na Tawa da kewaye, daga Ƙonni har Keita. Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

A da, saƙon da ke zuwa mini daga gida bai wuce tambayar farashin kaya a kasuwar Laleli ba. Yanzu kuwa maganar dashen gashi ta shigo, kuma masu tambayar ba yara ba ne kaɗai, har da magidanta masu jikoki. Duk wanda ya taɓa hawa jirgin Istanbul ya ga mazan nan masu ɗauri a goshi da jajayen ɗige-ɗige a ka. Tambayar da ta fi yawa a 'yan kwanakin nan ita ce: wai idan gashin ƙeya bai isa ba, ana cirowa daga gemu? Gaskiya ne, ana yi, kuma yana kamawa. Sai dai akwai abubuwan da dillalan wannan harka ba sa faɗa, kuma mu baƙar fata suka fi shafa.

Sanƙon maza gado ne, wani sinadarin jikin namiji da ake kira DHT ke tayar da shi. Yana ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai a hankali har ta daina fitarwa, amma ba ya cin na ƙeya da na gefen kunnuwa. A 1959 wani likitan fata na birnin New York, Norman Orentreich, ya wallafa abin da duk wannan sana'a ta tsaya a kansa: gashi yana tafiya da halin wurin da aka ciro shi. Manomin albasa na Galmi ya riga ya san wannan. Irin da ka tuge ka kai wata fadama, jar albasar Galmi zai ba ka. Kuma gurbin da ka tuge shi ba zai sake tsiro ba. Wannan magana ta biyu ita ce 'yan'uwa suke mantawa. Ba a ƙara wa mutum gashi ko ɗaya a wannan aiki, wuri kawai ake sauya masa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa yau, wadda ake kira FUE, an bayyana ta a rubuce a 2002. Da wani ɗan ƙarfe mai rami, faɗinsa kusan milimita 1, ake huda fata a ciro saiwa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ƙeya da gefen kai za su iya bayarwa a tsawon rayuwa, ba tare da wurin ya kwaile ba, yawanci bai wuce saiwa 6,000 zuwa 8,000 ba. Mai sanƙon da ya ci daga goshi har bayan kai yana iya buƙatar fiye da haka. Haka ma wanda aka riga aka yi wa aiki a hannun maras imani aka wawushe masa ƙeya. Irin waɗannan ne ake duba gemunsu.

Gemu yana da alherinsa, ba zan ɓoye ba. Cikin ikon Allah, sinadarin da ke kashe gashin kai shi ne ke ciyar da gemu, shi ya sa za ka ga mai sanƙo tal da ƙasumba cike da fuska. Ke nan gashin gemu ba ya tsoron abin da ya cinye na farko. Ya kuma fi na kai kauri, don haka yana rufe fata sosai. Likitan kirki a ƙarƙashin haɓa yake ɗiba, daga muƙamuƙi zuwa wuya, inda ido bai cika kaiwa ba.

To amma gemu gemu ne ko a ina aka kai shi. Saiwar kai kan fito da gashi 2, 3, wani lokaci 4 a gurbi guda, ta gemu kuwa galibi ɗaya ce tak. Idan aka ce maka za a ciro 2,000 daga gemu, kada ka auna ta da 2,000 ta ƙeya. Yana da kaushi, kuma wanda gemunsa ya riga kansa furfura, da furfurar zai hau. Saboda haka ba a jera shi a gaban goshi, inda gashin Allah yake da laushi. Wurinsa tsakiyar kai ne, a cakuɗe da na ƙeya, ko kuma a cike wani tsohon tabo da shi. Wanda ya ce maka zai zana maka goshi da gashin gemu zalla, ka tattara takardunka ka fita.

Ga inda na fi son ku buɗe kunne. Gashinmu ba a waje kaɗai yake murɗewa ba, har saiwarsa a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata. Ƙarfen huda kuwa miƙaƙƙe ne. Hannun da ya saba da gashin Turkawa da Larabawa, in ya zo kanmu, sai ya riƙa datse saiwa gida biyu, kuma saiwar da aka datse sau da yawa ta tafi ke nan, ba ta ga kai ba ta ga gemu. Wani ɗan asalin Najeriya, Dakta Sanusi Umar, likitan fata da ke aiki a Kalifoniya, ya yi suna a kan dashen gashin gemu da na jiki, har ya ƙera kayan aiki musamman don gashi mai murɗiya irin namu. Da matsalar ƙarama ce da bai ɓata lokacinsa ba.

Sai maganar tabo. Fatarmu ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tauri kamar tsoka, wanda likitoci ke kira kiloyid, kuma muƙamuƙi da wuya suna cikin wuraren da ya fi so. Ku duba jikinku tun kuna gida. Inda wanzami ya yi muku ƙaho ko tsaga, inda aka yi muku lambar rigakafi a hannu, inda kuka taɓa yankewa: ya kwanta, ko ya tashi? Wanda ke fama da ƙurajen aski a wuya, ko waɗanda ke taruwa a ƙeya su daskare, ya je likitan fata a Tawa ko Yamai tukuna. Ko ba kiloyid, ramukan kan warke su bar ɗige-ɗige masu haske ko masu duhu, kuma a baƙar fata sun fi nunawa. Sanƙo hula tana rufe shi. Tabon haɓa da shi za ka shiga masallaci, da shi za ka zauna a fada. Shi ya sa nake roƙonku da girman Allah, ku nemi a fara gwaji: a ciro kaɗan daga can ƙasan haɓa, a bari watanni su wuce, a ga yadda wurin ya warke. Na san wannan yana nufin tikiti biyu. Fuska ta fi tikiti.

Ta fuskar addini, malamai da yawa na wannan zamani sun halatta dashen gashin mutum a kansa, suna kafa hujja da hadisin mutum ukun nan na Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, inda aka mayar wa mai sanƙo gashinsa. Amma gemu yana da nasa matsayi, hadisin rage gashin baki da barin gemu yana cikin Buhari da Muslim. Idan za ku kai wa malaminku tambaya, ku kai ta cikakkiya: ba aski ba ne da zai sake tohowa, tuge saiwa ce har abada, daga wuri kaza, adadi kaza. A kan haka zai ba ku fatawa.

Kuɗin ma ku lissafa da kyau. In an ce yuro 2,000, ya haura sefa miliyan 1 da jika 300, ban da jirgi. A wurare da yawa a nan, likita yakan leƙo ya zana layi a goshi ya wuce, ma'aikata su yi sauran. A ka ma wannan abin dubawa ne, balle a haɓa, inda fata ke motsi kuma jijiyar da ke sarrafa leɓen ƙasa ta bi ta gefen muƙamuƙi. Ku tambayi wanda zai riƙe ƙarfen da hannunsa. Ku ce a nuna muku hotunan baƙar fata da ya yi wa aiki, har da hoton haɓarsu bayan shekara guda, a aske.

Bayan aikin, gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, kada hankali ya tashi. Yana fara fitowa a wata na 3 ko na 4, ba a yanke masa hukunci sai ya shekara. Kafin ku baro nan ku sa likita ya faɗa muku dalla-dalla ranar da za ku koma wanke gemu da shafar kai a alwala, da ranar da hula ko rawani za su hau. Kada ku shirya tafiyar ta yadda za ku sauka gida a tsakiyar bazara, ranar Adar da zufa ba sa raga wa sabon rauni.

Ƙannena masu shekara ashirin da 'yan kai, ku dakata. Sanƙonku bai gama nuna iyakarsa ba, kuma gashin da ba a dasa ba zai ci gaba da zuba a bayan wanda aka dasa. Akwai magungunan da ke rage gudunsa, minoxidil da finasteride, amma na biyun yana iya taɓa sha'awar wasu maza, don haka likita ne zai rubuta shi, ba mai tallar magani a tasha ba.

A gaishe mini da iyaye da malamai, a kuma sa mu a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku mazaunin Istanbul