Na Goge Asusuna na Facebook, Amma Saƙon Yana Wayar Abokina

A daren da aka ga watan azumin 2023, bayan an idar da asham ta farko, na zauna a kan bencin ƙofar shagona na dakatar da asusuna na Facebook. Washegari Alhamis 23 ga Maris aka tashi da azumi. Tun 2012 nake da asusun nan, na buɗe shi ne da wata 'yar Nokia mai madannai, lokacin ina yaron shago a wajen Yayana da ya koya min ɗinki.

Zaɓe ne ya kai ni ga haka. An yi na shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu, na gwamna ranar 18 ga Maris, kuma duk wanda yake Kano a lokacin ya san yadda zukata suka yi zafi. Sai na kai ƙarfe biyu na dare ina mayar da martani ga mutanen da ban taɓa gani ba. Wata rana ina yanka shaddar wani Alhaji, ido ɗaya a kan almakashi ɗaya a kan waya, na rage hannun rigar da kusan inci uku. Daga aljihuna na sayi wani yadin, ga shi lokacin ana fama da ƙarancin takardun naira. Wannan asara ce ta kuɗi, ta wuce. Wadda ba ta wuce ba ita ce ta abokina na ƙuruciya, wanda muka yi makarantar allo tare. Mun yi sa-in-sa a ƙarƙashin wani rubutu, muka koma saƙon sirri, a nan na goranta masa taimakon da na yi masa lokacin aurensa. Ya karanta, bai ba ni amsa ba. Daga ranar ko a masallaci sai dai mu ɗaga wa juna hannu daga nesa.

Da farko abin da na yi shi ne cire manhajar daga waya, kamar yadda mutane da yawa suke yi su ce sun bar Facebook. Ƙanena, wanda yake karatun kwamfuta, shi ya ce min, "Yaya, ai ba ka bar komai ba. Sunanka da hotunanka suna nan, kowa yana gani, ana ma ci gaba da yi maka magana." Ya nuna min a wayarsa. Ya ce hanya biyu ce: ko ka dakatar, wato a ɓoye shafinka har ranar da ka ga damar dawowa, ko ka goge baki ɗaya. Duka biyun suna wuri ɗaya a cikin saituna, a sashen mallakar asusu, kuma sai ka sa kalmar sirri kafin a amince. Na zaɓi dakatarwa, don ban shirya rabuwa da shekara goma sha ɗaya a dare ɗaya ba.

Kwanakin farko hannuna da kansa yake zuwa aljihu. In na tsaya jiran zare ko wuta ta ɗauke, sai in ga na buɗe waya ina neman abin da babu. Wajen kwana na biyar abin ya lafa. Na koma sauraron tafsiri a rediyo ina ɗinki, kuma a karon farko cikin shekaru na yi sahur ba tare da na fara duba wanda ya zage ni cikin dare ba.

Sai ranar goma ga azumi wata Hajiya ta kira ni daga Maraɗi. Ta aiko min da shadda guda huɗu ta hannun direba, ɗinkin sallar maigidanta da 'ya'yanta. Muryarta a sama: "Malam, lafiya? Na nemi shafin shagonku sama da ƙasa ban gani ba. An ce min teloli haka suke yi in za su gudu da kayan mutane." Na yi ta ba ta haƙuri ban ma gane abin da ya faru ba. Ashe shafin kasuwanci da kai kaɗai ke da iko a kansa, in ka dakatar da asusunka shi ma ɓoyewa yake yi. An rubuta wannan a cikin bayanin da ake nunawa kafin ka tabbatar, ni ne na yi sauri ban karanta ba. Kwana goma cur shafin da muke sa hotunan kaftani da manyan riguna ya ɓace, kuma a watan da tela yake samun rabin abincinsa na shekara. Allah kaɗai ya san mutum nawa suka nema suka rasa, suka kai wani wurin.

A daren na shiga da kalmar sirrina, nan take komai ya dawo yadda na bar shi. Na ba ƙanena cikakken iko a kan shafin shago, na tabbatar yana iya sa hoto daga wayarsa, sannan na sake dakatarwa. Wannan karon shafin shago ya tsaya. Messenger ma, manhajar saƙonnin Facebook, bai rufu ba, don dakatarwa ba ta taɓa shi in kana so ka bar shi, saboda haka masu kawo ɗinki suna iya same ni. Wani abu da ya kamata mai niyyar hutawa ya sani: dakatarwa ba ta da makulli. Da zarar ka shiga, ko ka yi amfani da asusun wajen shiga wata manhaja da ka haɗa da shi, ka dawo ke nan. Ƙanena ya sa na fita daga asusun a tsohuwar wayar da yara suke wasa da ita a gida, don kada wani ya taɓa ya farfaɗo da shi ban sani ba.

Na yi wata uku a haka, sai bayan Babbar Sallah a ƙarshen Yuni na dawo, ina ganin na warke. Ban warke ba. Shari'ar zaɓen gwamna tana kotu, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukunci ranar 20 ga Satumba, ta ɗaukaka ƙara ta yi nata ranar 17 ga Nuwamba, kowane hukunci kuma sai wuta ta sake tashi. Na tsinci kaina da ƙarfe ɗaya na dare ina rubuta wa wani baƙo kalmar da ba zan iya faɗa a gaban 'yata ba. Na goge kafin in tura, amma na san inda aka dosa. Akwai mutanen da suke iya zama a dandalin nan su karanta su wuce, har su amfana, ina kuma girmama su. Ni ba na cikinsu.

Wannan karon ban yi gaggawa ba, mako biyu na ɗauka ina kwashe kaya kamar mai tashi daga gidan haya. Akwai wurin da za ka nemi a haɗa maka duk bayananka ka sauke. Ƙanena ya ce in zaɓi tsarin HTML, shi ne ake iya buɗewa a karanta kai tsaye. Ba nan take yake zuwa ba, sai an sanar da kai ya kammala, kuma kwanaki kaɗan ake ba ka ka sauke kafin ya ɓace. Yana da nauyi, saboda haka muka sauke a kwamfuta muka zuba a filashi. Na ga hotuna, na ga saƙonni, na ga duk sharhin da na taɓa yi tun 2012. Karanta wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Abin da na nema na rasa a ciki shi ne sharhin da wasu suka yi a ƙarƙashin hotunana. A nan jikina ya yi sanyi, saboda Yayana da ya koya min ɗinki. Ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin kulle, a makonnin nan da Kano ta yi ta binne manyanta. Ba mai yawan rubutu ba ne, amma ranar da na buɗe shagona a 2017 na sa hoton keken ɗinkin da ya ba ni, baƙi mai zanen ruwan zinari, ya rubuta a ƙasa: "Allah ya sa albarka ƙanena. Kar ka manta da man keke." Layi ɗaya ne, har da kuskuren rubutu a ciki. In na goge asusun, hoton zai tafi, maganarsa za ta bi shi. Na zauna dare biyu ina bin hotuna ɗaya bayan ɗaya, duk inda na ga sunansa sai in ɗauki hoton fuskar waya. Na samu wuri goma sha huɗu. Na kai wa matarsa, Anti, ta sa babban ɗansu ya karanta mata, ta ce a wanke mata na keken ta ajiye. Duk wanda zai goge asusu, in yana da mamaci da ya taɓa yi masa magana a ciki, ya fara da wannan kafin komai.

Sauran aikin ƙanana ne. Na rubuta lambobin mutanen da ta nan kaɗai muke gaisawa, irin abokan da suka koma Legas da wani ɗan uwa da ke Sudan. Na sauya hanyar shiga wata manhaja da na haɗa da Facebook zuwa imel. Instagram na shago yana ƙarƙashin kamfani ɗaya, Meta, kuma a wuri ɗaya ake sarrafa su, don haka na duba sau biyu kada in goge wanda ban yi niyya ba. WhatsApp kuwa na bar shi, da shi ake turo min awo. Shi ba shi da dakatarwa ma, in ka goge ka fita daga duk zaurukan da kake ciki, hirarrakinka kuma sun tafi. Ƙanena ya ƙara min da wani dalili na gogewa maimakon watsarwa: layin waya da aka daɗe ba a amfani da shi akan sake sayar wa wani, in kuma da shi ka buɗe asusu, lambar tabbatarwa wajen sabon mai layin za ta je. Ta irin wannan ɓarakar ake wayar gari mutum yana roƙon 'yan uwansa kuɗi alhali bai sani ba.

Ranar 20 ga Disamba na danna gogewa. Ana ba ka kwana 30, in ka shiga a cikinsu za ka iya soke buƙatar, in sun wuce babu dawowa, kuma kamfanin ya ce yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya gama sharewa daga rumbunsa. Ranar Juma'a 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, gari ya kaure, saura mako ɗaya wa'adina ya cika. Na san abin da ake yi a can, yatsuna kuma suna ƙaiƙayi. Na miƙa wa yaron shago wayata na ce ya sa a aljihunsa sai magariba, na zauna na gama aikin wuyan riga biyu.

Da kwanakin suka cika na sa ƙanena ya nemi sunana, bai samu komai ba. Na ji sanyi a raina, amma ya ce min, "Yaya, ka san saƙonnin da ka tura wa mutane suna nan a wajensu ko? Naka ɓangaren kawai ya tafi." Magana zarar bunu ce, na sha jin haka tun ina yaro, ban taɓa jin nauyinta kamar ranar ba.

Bayan la'asar na hau babur na tafi gidan abokina. Na same shi a zaure yana gyara wa ɗansa tayar keke. Muka gaisa, na ce na zo neman afuwa a kan abin da na rubuta masa. Bai ce komai ba, ya ciro waya ya buɗe ya miƙo min. Sunana ya ɓace daga saman hirar, hotona ma babu, amma kalmomin suna nan yadda na rubuta su wata goma da suka wuce. Na karanta har ƙarshe a gabansa. Ya karɓi wayar ya ce, "Na so in goge tun tuni, na ce sai ranar da ka zo da ƙafarka." Ya danna ya goge, sannan ya leƙa cikin gida ya ce a kawo mana ruwa da tabarma.