Haruffa 12 da ƙiftawar ido

Laraba, da dare.

Yau a darasin nazarin halayyar ɗan'adam malam ya maimaita mana gwajin da George Sperling ya wallafa a 1960. Haruffa 12 ne, layi uku, huɗu-huɗu. Suna bayyana a fuskar kwamfuta na kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, sai su ɓace. Aka ce kowa ya rubuta abin da ya gani. Daga mai huɗu sai mai biyar, daidai inda mutanen Sperling suka tsaya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na tabbata duka na gan su. Ina cikin rubuta na uku, ina jin sauran suna zubewa kamar ruwa a tafin hannu.

Sai malam ya sauya tsari. Bayan haruffan sun ɓace sai a ji ƙara: siririya layin sama, matsakaiciya na tsakiya, mai kauri na ƙasa. Layi ɗaya kawai ake so. Nan fa mutum ya kawo uku cikin huɗu, kowane layi aka nema. Tunda ba wanda ya san layin da za a kira, ke nan kusan haruffa tara suna nan a kai lokacin da ƙarar ta zo. Da aka jinkirta ta da daƙiƙa ɗaya, shi ke nan, aka koma gidan jiya.

Wata ta bayana ta ɗaga hannu: "Malam, hankali zaɓa kawai yake yi cikin abin da ido ya ajiye, ko ajiyar kanta ba ta samuwa sai da shi?"

Ya ce nan masana suka rabu. Wasu na ganin hoton yana samuwa da kansa, hankali ya zo daga baya ya tsinci abin da zai tsinta. Amma a 2012 wani mai bincike, Persuh, da abokan aikinsa sun ɗora wa mutane wani aiki mai wuya na neman abu da ido a daidai lokacin da hoton ke bayyana, sai abin da suke iya kawowa ya ragu ƙwarai.

Ni dai na fi karkata ga na biyun, kuma abin ya ba ni tsoro. Direban da hankalinsa ke kan waya, idonsa na kan hanya, zai rantse bai ga yaron da ya tsallaka ba, kuma wataƙila gaskiya yake faɗa. Na nemi malam ya turo mini manhajar gwajin, ina so in gwada da aikin neman a kai.