Godiya ga duk wanda ya tsaya wa Akawal da Gunya

Assalamu alaikum wa rahmatullah, jama'ar Maraɗi da kewaye.

Alhamdu lillahi, dawakin nan biyu na bargarmu, inda ake ɗora yara masu nakasa a kan doki don motsa musu jiki, sun farfaɗo: Akawal ya miƙe yana neman abinci, Gunya kuma ta taka ƙafafunta huɗu ba ɗingishi. Likitan dabbobi ya duba su jiya da hantsi, ya ce haɗarin ya wuce. Ba sai mun maimaita muku yadda ruwan daren nan ya kayar da bangon ɗakin ajiya ba, ko yadda turaku suka tumɓuke daga jiƙaƙƙen rairayi har dawakin biyu suka kai ga buhun gero. Duk kun ji, wasunku ma sun riga mu isa barga. Kowa a gajiye yake, amma godiya bashi ce, gara a biya ta tun da ɗuminta.

Yawancin waɗanda suka taimaka sun ce kada a ambace su, don Allah suka yi. Mun ji, mun kuma girmama. Sai dai akwai waɗanda idan muka yi shiru a kansu ba mu kyauta ba, su yi mana afuwa.

Na farko shi ne dattijon da duk muke kira Baba Shamaki. Da asubar nan Akawal yana kwance yana birgima, gumi ya jiƙe masa wuya, in ya tashi sai ya riƙa tonon ƙasa yana waiwayen kwiɓinsa. Wani saurayi mai kyakkyawar niyya ya riga ya haɗa kanwa da man gyaɗa a kwalba, ya ɗaga kan dokin sama zai ɗura masa. Baba Shamaki bai yi tsawa ba, hannu kawai ya ɗora a wuyan hannun yaron ya ce, "Ɗana, sauke kwalbar nan, sauke masa kai." Yaron ya ce, "Baba, ai haka ake yi a garinmu." Ya ce, "Na sani. A garinmu ma haka ake yi, kuma na ga waɗanda aka binne." Wannan riƙon hannu shi ne ya tsirar da dokin, da ikon Allah. Doki ba ya amai, kuma tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. Geron da ya cika shi yana tsami yana fitar da iska, ba hanyar dawowa ta baki, in ka ƙara masa ruwa a kai tumbin na iya fashewa. Kuma in aka ɗaga kan doki sama ba ya iya haɗiya yadda ya kamata, man sai ya bi maƙogwaro ya sauka a huhu, bayan kwana biyu ko uku a rasa dokin ta wata hanyar daban.

Kafin likita ya iso Baba Shamaki ya riga ya yi abin da ya dace. Ya sa an kwashe duk abincin da ke kusa. Ya ɗora yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi ya ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15 ya ninka sau huɗu: lafiyayyen doki yana buga 28 zuwa 44 a minti, na Akawal ya haura 60, alamar da ba a jinkiri a kanta. Ya ɗaga leɓe ya danna dasashi da yatsa, don in jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, jini ba ya zagawa daidai. Ya kara kunne a kwiɓi biyu yana neman kukan hanji. Ya kuma hana a yi allurar kashe ciwo, domin tana rufe alamun da likita zai karanta. Masu cewa a yi ta zagawa da doki har gari ya waye ma ya taka musu burki: minti goma na tafiya a hankali, sannan hutu, in dokin ya kwanta lamo ba birgima a bar shi ya kwanta. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sa ya gama da duniya lafiya.

Likitan dabbobi ya zo a kan babur cikin taɓo, ya zura tiyo ta hanci har tumbi, ya fara fitar da iska da ruwan tsamin da ya taru, sai da ya tabbatar ba abin da ke dawowa sannan ya zuba mai ta wannan tiyon, ya yi allura, ya ɗaura ruwa. Ya karɓi kuɗin magani kawai. Allah ya yi wa zuriyarsa albarka.

Maganar da ya faɗa yana wanke hannu ita ce ta fi tayar mana da hankali. Ya ce ciwon cikin zai iya lafawa, amma dokin da ya ci hatsi fiye da kima abin tsoronsa ƙafa ne, kuma ba ya nunawa sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Dafin da tsamin hatsi ke saki a hanji yana bin jini ya sauka cikin kofato, ya kumbura naman da ke riƙe ƙashi da kofaton. In ya kama, za ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina nauyinsa baya, kofato ya yi zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. In ya yi tsanani ƙashin yana juyawa a ciki, dokin ya gama aiki ke nan. Rigakafin da ya fi inganci shi ne a tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara tun daga kofato har kusa da gwiwa, ba tsayawa, awa 48 zuwa 72, tun kafin ɗingishi ya bayyana. Ƙafa takwas, dare da rana, a garin da ƙanƙara ke narkewa kafin ka kai ta gida.

A nan ne Hajiya mai ƙanƙara ta unguwar Zariya ta shigo. Ba ta da ɗa a cikin yaranmu, ba ta taɓa taka bargarmu ba. Labari ta ji a bakin wata uwa. Ta kwashe duk abin da ke cikin firjinta, wanda shi ne jarinta, ta aika wa ƙawayenta masu sana'a irin tata a Ali Ɗan Tsoho da Sabon Gari, kowacce ta ware nata. Da aka kai mata kuɗi ta mayar, ta ce, "Ku saya wa dokin harawa." Da wuta ta ɗauke a dare na biyu, ita ta san gidan da ke da injin, ta je da kanta ta buga ƙofa. Wanda ya yi ta jigilar ƙanƙarar kuwa maƙerin nan ne da ke gyara mana likkafu, shi kansa shan inna ya taɓa shi tun yana yaro. A keken hannunsa ya riƙa ɗauko ta, a cikin buhu an lulluɓe da ɓuntun shinkafa don kada ta narke, laka har gindin taya. An ce masa ya bari a nemi adaidaita, ya ce adaidaita ba ta shiga lungun Hajiya, kekensa na shiga. Mai facin bakin titi ya ba da tsofaffin tub na tayar mota, aka yanka, aka ɗaure ƙasan kowanne, aka zura ƙafar doki a ciki kamar safa, ana cika shi da ruwa da ƙanƙarar da aka farfasa, ana ƙarawa da zarar ta narke. Ya Allah, waɗannan bayi naka ka sanyaya musu zukata, ka buɗa musu kasuwa, ka shayar da su daga tafkin Alkausara, ka jiƙan iyayensu, ka raba su da ciwon da ba shi da magani.

Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke zuwa mana aikin sa kai su suka raba daren tsakaninsu, biyu-biyu, suna rubuta bugun jini da zafin jiki a littafi duk bayan awa biyu. Zafin lafiyayyen doki 37.5 zuwa 38.5 ne. Ranar da Akawal ya fara kashi, sai da wata ɗaliba ta yi guɗa. Mun gode wa mai amalanken da ya kawo rairayi mai laushi daga bakin Gulbi aka shimfiɗa musu, da mutanen Tibiri da suka aiko da busasshiyar ciyawa a lokacin da harawar bara ta yi wuya a kasuwa, da magina uku da suka tayar da bangon, wannan karon da bulon siminti da ƙofar ƙarfe mai sakata. Iyaye mata kuma ba su bar masu kwana da yunwa ba, fura da kunu ba su yanke ba.

Akwai dai waɗanda muka sa ran gani ba mu gani ba. 'Yan uwa ne, waɗanda ba sa manta hanyar barga in hawan salla ya matso ana neman aron doki da sirdi. Wataƙila wayoyinsu ne ba caji. Allah ya sa lafiya, zumunci kuma yana nan.

Wasu sun tambaya, ba da mugun nufi ba, me ya sa aka tayar da gari a kan doki biyu alhali ana sayar da doki a kasuwa. Ana sayar da doki, amma ba a sayar da irin waɗannan. Dokin da za a ɗora wa yaron da ba ya iya riƙe wuyansa sai ya yarda ya tsaya cik a jikin dandamalin hawa yayin da ake ɗago yaron daga keke, ya saba da sanda tana faɗuwa kusa da ƙafarsa, da ihun murna a bayan kunnensa, da dunduniyar da ke takura shi ba da gangan ba, da mutum uku manne da shi. Ba kowane doki ke jure wannan ba, ingarman da aka horar don sukuwa ma ba a fara gwada shi. Kuma tafiyar dokin ita ce aikin: takunsa, kimanin ɗari a minti, yana motsa ƙugun mahayi gaba da baya, gefe da gefe, irin motsin da ƙugu ke yi in mutum yana tafiya da ƙafarsa, ɗumin jikinsa kuma yana sassauta cinyoyin da suka sandare. Masu ganin abin wasa ne su tuna da Lis Hartel ta ƙasar Danmak, wadda shan inna ya raunana wa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta 1952. Gunya ce mai faɗin baya da sanyin taku a bargar nan, ita ake ba sababbin yara. Da mun rasa ta, da an daɗe ba a maye gurbinta ba.

Shi ya sa muke roƙon iyaye su ƙara haƙuri. Kili da Bidi, waɗanda ba su kai ga geron ba, za su ci gaba da aiki daga Asabar mai zuwa, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Akawal da Gunya suna hutu sai likita ya sallame su. Ciyawa kawai suke ci yanzu, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ba dusa ba hatsi. In an dawo da hatsin ma da tafin hannu za a fara, kuma doki mai kilo 300 ba a ba shi fiye da kilo ɗaya da rabi a ci guda, wajen rabin tiya ke nan. Kafin a ɗora musu yaro za a ja su a kan ƙasa mai tauri, a juya su a ƙuntataccen da'ira hagu da dama, domin a wurin juyawa ciwon kofato yake fara tona kansa. Dokin da ke ɗan ɗingishi yana mayar wa ƙugun yaro da karkataccen motsi, wanda ke jin ciwo kuma ba a amince wa haƙurinsa.

Da yake doki biyu ne za su ɗauki aikin huɗu, an rage kowane hawa zuwa minti 20, tare da hutu a tsakani, kuma nauyin mahayi haɗe da sirdi ba zai wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin dokin ba. Manyan yara su jira Akawal. Hular kwano dole ce ko da zagaye ɗaya ne. Yaron da farfaɗiya ta tasar masa kwanan nan, ko mai gyambo a mazauni, ko wanda ƙugunsa ya goce, a fara kai shi wurin likita ya ba da izini.

Ga waɗanda suka zo mana a kwanakin nan har suka ce suna son ci gaba da zuwa: muna so, muna kuma bukata. Kowane yaro mutum uku yake ci. Zagi yana riƙe ragama daidai kafaɗar doki, idonsa a kan dokin kawai, ba ya naɗe igiya a hannu, don in doki ya fizga yatsu ke tafiya. 'Yan gefe biyu idonsu a kan yaro, kowanne ya riƙe gaban sirdi ya kwantar da damtsensa a kan cinyar yaron ba tare da dannawa ba, ba a riƙe shi ta ɗamara ko riga, domin in hannu ya gaji sai ya jawo shi gefe. Majayi ana duba shi sau biyu, kafin hawa da bayan zagayen farko, saboda doki yana kumbura ciki lokacin ɗauri. Ku zo ranar Juma'a bayan la'asar da rufaffen takalmi, ba silifa ba, Baba Shamaki zai nuna muku a kan Bidi ba yaro a sama.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, wanda muka ambata da wanda ya ɓoye kansa. Allah ya ba yaranmu lafiya, ya ƙarfafa iyayensu, ya tsare dabbobin jama'a da gidajensu a sauran daminar nan, ya sa a yi kaka lafiya. Amin summa amin.

Daga masu kula da barga, a madadin yara da iyayensu.