Wunin Karatu Na Farko: Littafi Uku da Rabi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu ƙoƙarin komawa ga littafi. Na yi muku alkawari zan kawo labarin yadda ta kaya a wunin karatun da muka shirya, ko an fita kunya ko an sha ta. To ga shi nan. An fita kunyar, amma da ƙyar da jiɓin goshi.

Ga waɗanda suka shigo cikinmu kwanan nan, wata huɗu ke nan da na ɗora wa kaina karatun shafi goma kullum bayan Isha'i, saboda na lura na fi shekara uku ban kai ƙarshen littafi ko ɗaya ba, alhali wuni nake yi idona na kan rubutu a waya. Shafi goman nan ya zauna mini daram, har na fara jin kaina wani ne. Shi ya sa da wani malamin firamare a cikinmu ya kawo shawarar mu ware yini guda cur mu yi ta karatu, ni na fara ɗaga hannu. Ya ce a ƙasashen waje akwai masu yin awa 24 a jere. Muka ce mu kam ba da mu ba, ga salla ga iyali. Muka tsaya a kan ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, awa 16, a cire lokacin salla da na abinci. Muka zaɓi Asabar ɗin da ta fi kusa da 23 ga Afrilu, ranar littafi ta duniya da UNESCO ta ayyana a 1995. Duk wanda ya tsayar da wannan rana, na tabbata bai taɓa yin bazara a Zariya ba.

Kowa aka bar shi ya zaɓi abin da zai karanta. Ni kuma sai rawar kai ta ɗebe ni na ce zan sauke littattafan nan biyar da suka fito daga gasar 1933, wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a nan Zariya don a samu labarai cikin Hausar boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Dalilina biyu ne. Na farko, gajeru ne, biyar ɗin idan ka haɗa su ba su kai kaurin littafin jami'a guda ba. Na biyu, abin kunya ne a ce mutum ya tashi a garin da wannan aiki ya fara, amma biyu kaɗai ya taɓa buɗewa a cikinsu, su ma don jarrabawa. Huɗu na samu a hannun 'yan uwa. Idon Matambayi kuwa fotokwafi aka yi mini, wanda ya yi kwafin ya yanke layin ƙarshe na kowane shafi.

Mu goma sha ɗaya muka taru a wani aji na makarantar Islamiyya da aka ba mu aro. Doka ɗaya muka kafa: kowa ya ajiye wayarsa. Muka zuba su a wata tsohuwar samira, muka rufe, muka damƙa wa Baba mai gadi, da sharaɗin idan ta yi ƙara sau biyu a jere ya kira mai ita.

Safiya ba ta da labari mai yawa. Iska na kaɗawa, koko da ƙosai sun zauna, kai sarai. Kafin ƙarfe 8 na gama Ruwan Bagaja, ina dariya ni kaɗai a wuraren da ban ga abin dariya ba lokacin da nake aji biyu na sakandare. Na rufe shi ina lissafin cewa a haka kafin La'asar na gama duka biyar, in ari na wani.

Sai dai akwai wani abu da na yi wanda nake ba ku shawara ku gwada. Na ajiye 'yar takarda a gefe, duk lokacin da hannuna ya tafi aljihu neman wayar da ba ta nan, sai in ja layi ɗaya. Ban yi niyyar taɓa ta ba, babu saƙon da nake jira, hannun ne kawai yake tafiya da kansa kamar akuyar da ta san hanyar gida. Kafin Azahar na ja layi 23. Da na duba tazarar da ke tsakaninsu, ba ta cika wuce minti ashirin ba. Nan na gane sirrin shafi goma na: minti ashirin ɗin nan ne daidai. Ashe wata huɗun da na yi ina yabon kaina, ban taɓa tsallake iyakar ba, a bakinta nake tsayawa kullum in rufe littafi in ce na yi ƙoƙari.

Ganɗoki ya rage mini gudu ta wata hanyar. Labarin yaƙi ne da dawakai, kuma Hausar mutanen da suka ga zuwan Turawa da idonsu ba irin ta bakinmu ba ce. Na zo da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, bugun 2006, sai na shiga tsayawa a kan kowace kalma da ban tabbatar da ita ba. Daga neman kalma ɗaya sai ido ya faɗa kan ta ƙasanta, daga nan sai ta gaba, kafin in ankara na yi minti goma a cikin ƙamus, na manta wa ke bin wa a fagen daga. Kuskure ne. Da hantsi ya dubi ludayi na sake dabara: in sa ɗigo da fensir a gefen layi in wuce, in an tashi hutu in bi ɗigon ɗaya bayan ɗaya. Fiye da rabinsu kafin hutun ya zo labarin da kansa ya riga ya fassara mini su. Na gama shi ana kiran Azahar.

Daga nan ne abin ya lalace. Mun ci shinkafa da wake da mai da yaji, wani ɗan uwa kuma, Allah ya saka masa, ya kawo fura da nono mai sanyi a kula. Muna komawa aji aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Kwanon rufin nan ya ɗauki rana ya juye mana ita a ka. Na buɗe Shaihu Umar, na karanta shafin farko sau uku, ban iya faɗa muku abin da ke ciki ba. Na wanke fuska, na tauna goro, na gwada abin da likitocin ido ke cewa, bayan kowane minti 20 ka dubi abu mai nisa na daƙiƙa 20. Idon ya huta, amma barcin bai san da wannan doka ba. Na ɗaga kai na ga mutum huɗu suna gyangyaɗi, ɗaya ya kifa kai a kan benci ya yi nisa. Uku suka ce za su leƙa gida su dawo. Har yau ba su dawo ba.

Baba mai gadi ya leƙo ta taga ya daɗe yana kallonmu. Dattijo ne da ya yi yawon almajiranci tun yana yaro, bai yi boko ba, amma ajami kamar ruwa. Ya ce da ni, "Malam, wai karatun ne wannan?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya ce, "To ina muryar? Ku 'yan boko kuna rufe baki ku ce kuna karatu. Wanda ya rufe baki ya sunkuya da tsakar rana ai barci ya kira."

Ya ce su a tsangaya izu sittin ake saukewa, ana kwana ana tilawa a gaban wuta, kuma bai taɓa ganin wanda ya yi ta da ido kaɗai ba. Baki na motsi, jiki na kaɗawa, kunne na jin abin da harshe ya faɗa, na kusa da kai kuma yana jiran ka yi tuntuɓe ya ɗaga ka. Ya ce mu fito ƙarƙashin darbejiya mu shimfiɗa tabarma, mu ɗauki littafi ɗaya, kowa ya karanta shafi biyu da ƙarfi ya miƙa wa na damansa. Da yake nawa, Shaihu Umar, ne mafi gajarta a cikin waɗanda ke hannu, shi aka ɗauka.

'Yan uwa, a nan na gane ban iya karanta Hausa ba. Ina nufin yadda nake zato na iya.

Rubutun bokonmu ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na zama da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya. "Kuka" na hawaye, da "kuka" ta miya, da "kuka" ta "abin da kuka yi", duk haruffa huɗu ne iri ɗaya. Haka "wuya" ta wahala da "wuya" na jiki, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Idan kana karatu da ido, sai ka tsallake irin waɗannan, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin daga baya, ko ma kada ta cike ba ka sani ba. Amma da murya babu hanyar zillewa. Dole kafin ka furta kalma ka san wacce ce, wato dole idonka ya riga bakinka isa ƙarshen jimla. Ni kuwa idona ya saba da tsalle-tsallen waya, ya ɗauki kan magana ya ɗauki gindinta ya wuce. A shafi biyun farko da na karanta sau biyar na koma baya. Sau biyu Baba ne ya tsayar da ni, shi da ba ya ganin takardar, ya ce, "A'a ɗana, maimaita, ba haka Bahaushe ke faɗa ba." Kuma duk biyun shi ke da gaskiya.

Abin da ya fi ba ni mamaki, malamin firamaren nan da muke ganin shi ne mafi sanyin karatu a cikinmu, shi ya fi kowa. Shekara da shekaru yana karanta wa yara a aji, ya san inda ake numfashi, ya san inda ake sassauta murya. Da layi ya zo kansa a wurin da mahaifiyar Umar ta bar gida ta bi sawun ɗanta, tana faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan har ƙetaren hamada, sai wurin ya yi tsit. Mai sayar da rake da ke wucewa ya ajiye baro ya tsaya. Na karanta wannan littafi don jarrabawa, na haddace cewa marubucinsa shi ne ya zama Firayim Ministan Nijeriya, na ci makin tambayar, amma ban taɓa jin nauyin uwar nan ba sai ranar.

Karatu da murya yana da jinkiri, wannan babu musu. Da safe ina cin kusan shafi talatin a awa, a ƙarƙashin darbejiya ba mu kai ashirin ba. Amma daga ƙarfe 2 da rabi har muka gama littafin, da hutun La'asar a tsakiya, layi biyu kacal na ja a takardar nan tawa. Kuma ba wanda ya yi gyangyaɗi, don kowa na tsoron littafi ya iso hannunsa bai san inda aka tsaya ba.

Bayan Magariba kowa ya koma kan nasa. Wuta ba ta dawo ba, muka kunna fitilu masu caji guda biyu, ƙwari suka taru a kansu, sauro ya taru a kanmu. Biyu suka ƙara tafiya, muka rage mu shida. Na ɗauki Jiki Magayi, wannan karon ina motsa leɓe a hankali kamar mai lazimi, kuma ya taimaka. Sai dai baya ya riga ya ƙage, makogwaro ya bushe, haruffa suka fara hawa kan juna. Wajen ƙarfe 9 da kwata na kai tsakiyarsa, na ga idan na ci gaba zalunci zan yi wa littafin, sai na karya tsinken tsintsiya na sa a wurin na rufe. Minti arba'in da biyar ɗin da suka rage na yi su ne ina bin ɗigon fensir da ƙamus. Idon Matambayi ko buɗe shi ban yi ba.

Da na zauna na yi lissafi washegari, a cikin awa 16 karatun gaske bai wuce awa 9 da minti 40 ba. Sauran ya tafi a salla, abinci, gyangyaɗi da hira. Littafi uku da rabi, ɗaya daga ciki ma na tarayya ne. Da Baba ya buɗe samira ya miƙo mini wayata, na tarar da saƙo sama da ɗari, babu ko ɗaya da ya lalace don ya jira.

Abin da na canza tun daga ranar: shafi goman dare ya koma goma sha biyar, don in riƙa ƙetare minti ashirin ɗin nan da gangan, kuma biyun farko da murya nake yinsu. Daren farko maiɗakina ta leƙo ta ce ko lafiya. Yanzu kuwa tana gama kwanuka sai ta jawo kujera 'yar tsuguno, jiya ma ita ta kama ni na karanta "baƙi" na launi a inda ake nufin "baƙi" masu zuwa gida.

Mun yanke za mu sake yi a watan Disamba, cikin hunturu, kuma abincin rana ba zai wuce gurasa da shayi ba, furar sai bayan Isha'i. Karatun zagaye da murya zai fara tun daga Azahar, ba sai barci ya kayar da rabinmu ba. Baba ya ce zai zo da wasu takardun waƙoƙin ajami da yake ajiye da su a gafaka, awa ɗaya tasa ce, mu ne za mu zauna a gabansa. Na ce masa ban wuce haɗa baƙi a ajami ba, ya ce wata takwas ai ya ishi mai niyya.

Wanda ke da Idon Matambayi mai cikakkun shafuka a cikinku, don Allah ya ara mini kafin lokacin.